Karkarwar mota mai ogzilari idan an taka totur: ta ina ake fara bincike?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya a kan motarsa, Toyota Hilux mai ƙofa huɗu ƙirar 2012, mai shan fetur, mai giyar hannu, kuma mai ogzilari (tsarin da ke sa tayoyi huɗu su ja mota), wadda yake zirga-zirga da ita tsakanin gari da gona. Ya ce da zarar ya taka totur, musamman tsakanin gudun kilomita 40 zuwa 70 a awa, sai motar ta ɗauki karkarwa daga ƙarƙashin kujera, idan kuma ya ɗaga ƙafa sai ta lafa kamar ba ita ba. Ya yi wa tayoyi balansin har sau biyu, ya canza shokozoba na baya, amma ba ta sake zani ba. Ya kuma ambaci cewa 'yan watanni kafin abin ya fara an ƙara masa falle ɗaya a sifirin na baya domin motar ta riƙa ɗaukar buhunan taki da hatsi, yana so ya san abin da ya kamata ya canza yanzu.

Malam, kafin ka sake sayen ko da noti ɗaya, ina so ka riƙe maganar da ka faɗa da bakinka, domin ita ce mafi daraja a cikin bayaninka: karkarwar tana zuwa idan ka taka totur, tana tafiya idan ka ɗaga ƙafa. Tayar da ba ta da balansin ba ruwanta da ƙafarka. Idan za ta kaɗa mota a gudun kilomita 90, za ta kaɗa ta ko kana taka totur, ko ka sake shi, ko ka sa giya a firi kana gangarawa, saboda nauyin da ya karkace a jikinta yana nan yana juyawa a kowane hali. Karkarwar da ke bin totur kuwa tana nuna cewa akwai wani abu a hanyar da ƙarfin inji ke bi zuwa taya wanda yake zaune lafiya idan ba kaya a kansa, amma da an ɗora masa ƙarfi sai ya goce daga mazauninsa. Saboda haka kuɗin balansin na biyu da na shokozoba sun tafi a lalube cikin duhu, kuma abin da nake so shi ne kada na gaba ya bi su.

A cikin mota akwai rukuni uku na abubuwan da ke juyawa, kowanne da saurinsa, kuma duk aikin binciken shi ne a gano wane rukuni karkarwar take bi. Na farko shi ne inji da abin da ke manne da shi, wato fulawil da kuloci, waɗanda saurinsu shi ne abin da agogon juyin inji ke nunawa. Na biyu farfela, doguwar sandar ƙarfen nan da ta taso daga bayan giyabos zuwa aksul na baya. Na uku tayoyi da wili da sandunan da ke juya su. Idan muka ɗauki taya mai lamba 265/65R17 a matsayin misali, kewayenta ya kai kimanin mita 2.4, don haka a gudun kilomita 60 tana juyawa kusan sau 7 a daƙiƙa. Farfela kuwa tana juyawa kusan sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya a irin waɗannan motoci, wato kusan sau 28 a daƙiƙa, kuma kuros, wato gaɓar da ke ƙarshen farfela, idan ya sami matsala yana bugawa sau biyu a kowane juyi, ya zama kusan bugu 56. Wannan lissafi yana da amfani ga jikinka kai tsaye. Matsalar taya mutum yana jin ta a matsayin jijjiga mai tazara wadda har zai iya ƙirgawa, tana kaɗa sitiyari ko kujera gefe da gefe, ta farfela kuwa ɓari ne mai sauri da ke zuwa da gunji, ana jin sa a tafin ƙafa da ƙasan kujera, har madubin tsakiya ya dushe mutum ya kasa ganin abin da ke bayansa sosai.

Ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta mai santsi wadda ba cunkoso, ka tabbatar motar tana H2, wato ba a sa ogzilari ba, ka ɗauki mutum ɗaya ya zauna a baya yana saurare. Ka kai ta gudun da karkarwar ta fi tsanani, mu ce kilomita 60, a giya ta huɗu, ka lura da abin da agogon inji ya nuna. Sannan ka dawo giya ta uku ka riƙe wannan gudun dai, inda injin zai ɗaga murya amma saurin farfela da na taya bai canza ba. Idan karkarwar ta tsaya a kilomita 60 a duka giyoyin biyu, to tana bin gudun mota, kuma mai laifin yana bayan giyabos. Idan kuwa ta ɓace a giya ta uku, sannan ta dawo a wani gudu dabam a duk lokacin da allurar agogon inji ta isa wuri guda, to tana bin inji. Bayan wannan ka wuce gudun kaɗan, ka sa giya a firi, ka bar motar ta gangaro ta ratsa 70 zuwa 40 da kanta. Idan ta ratsa shiru, ka wanke tayoyi da wili daga zargi kusan gaba ɗaya. A ƙarshe ka tsaya gefen hanya, giya a firi, ka ɗaga injin a hankali zuwa adadin juyin da ka lura da shi, ka ji ko zai yi ɓari yana tsaye. Gwajin nan duka bai fi minti ashirin ba, kuma ban san wani aiki a gareji da ya fi shi rage wa mai mota asara ba.

Idan gwajin ya nuna inji, maganar gajera ce. Injin da silinda ɗaya ke tsallake wuta yakan yi shiru a tsaye, amma da an ɗora masa kaya a giya ta sama da ƙaramin gudu sai ya riƙa fizga, direba ya ɗauka daga ƙasa ne. A injin fetur kamar 2TR-FE mai lita 2.7 da ke cikin yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Najeriya, ana duba fulogi da kwayil da nozul, kuma na'urar karanta kwamfutar mota takan nuna lamba P0300 ko P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe tana faɗin silindar da ke da laifi. Gurɓataccen mai ma yana haddasa haka. Sai robobin da inji da giyabos ke zaune a kansu: idan sun tsage ko baƙin mai ya jiƙa su sun yi laushi, injin yakan tashi ta gefe ɗaya idan an taka totur, salansa ko giyabos ya taɓa shasi, ɓarin ya shigo bodi. Ana gane wannan idan an buɗe bonet, an ja birkin hannu, an taka birki, wani ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci, wani kuma yana kallon injin daga gefe, ba daga gaban mota ba. Ga masu mota otomatik akwai wani nau'i na dabam, wanda ke zuwa idan an taka totur sama-sama a gudun kilomita 60 zuwa 80, kamar an hau kan tsagin kwalta. Idan aka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu ba tare da sakin totur ba ya ɗauke nan take, to kulocin cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos a otomatik, shi ne yake zamewa, kuma sau da yawa tsohon man giya ne sanadi. Taka ta hannu ce, wannan bai shafe ka ba.

Tsarin ogzilarin motarka ma yana taimaka mana wajen rage waɗanda ake zargi. Hilux tana cikin motocin da ake sa wa ogzilari da hannu idan buƙata ta taso, kuma a H2 tayoyin baya kaɗai ke tura ta. Farfelar gaba ba ta ɗauke da ƙarfin inji a wannan hali, sandunan tayoyin gaba ma ko da suna juyawa ba kaya a kansu, don haka da wuya su kawo karkarwar da ke bin totur. Wannan ya bambanta da Prado da manyan Land Cruiser na 100 da 200, waɗanda tayoyinsu huɗu ke aiki a kowane lokaci, inda dole a zargi gaba da baya tare. Sai dai ka tabbatar ogzilarin ya fita da gaske. Hilux ba ta da difarenshal na tsakiya da zai bar gaba da baya su yi gudu daban-daban, saboda haka idan aka bar ta a H4, wato cikin ogzilari, a kan busasshiyar kwalta, ƙarafan sukan ɗaure juna, motar ta yi nauyi, ta riƙa tsalle a kwana tana karkarwa, giyar ogzilarin ma ta ƙi fita sai an ɗan yi ribas. Na ga direbobi da yawa da suka fito daga yashi ko caɓi suka hau kwalta suka manta, suka yi tafiyar awa guda a haka.

Idan gwaji ya nuna karkarwar tana bin gudun mota kuma tana bin totur, kamar yadda nake kyautata zato daga bayaninka, to mun iso farfelar baya, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Kuros ƙarfe ne mai hannu huɗu kamar alamar tarawa, kowane hannu yana cikin ƙoƙo cike da siraran allurai na boris. Aikinsa shi ne ya bar farfela ta juya alhali tana karkace, tunda giyabos yana sama aksul yana ƙasa, kuma aksul yana hawa yana sauka da yanayin hanya. Amma yana da wata ɗabi'a da aka san ta tun da daɗewa: idan yana aiki a karkace, ɓangaren da ke bayansa ba ya juyawa da sauri ɗaya, yakan ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane juyi, kuma gwargwadon girman karkatar gwargwadon girman wannan hawa da sauka. Masu ƙera mota suna kashe wannan da kuros na biyu a ɗaya ƙarshen, wanda aka jera shi yadda zai rage a daidai lokacin da na farko ya ƙara. Sharuɗɗan biyu ne: kunnuwan da ke riƙe da kuros a ƙarshen sandar biyu su kasance a layi ɗaya yadda kamfani ya jera su, kuma karkatar kuros na gaba da na baya su yi kusan daidai. Da ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya karye sai hawa da saukar su isa taya, kuma tunda ƙarfin bugun yana ƙaruwa da ƙarfin da ake turawa ta cikin sandar, sai a ji shi idan an taka totur, ya ɓuya idan an sake.

Wajen duba kuros akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a shiga ƙarƙashin mota tana cikin giya, a kama farfela a girgiza, a ce ba ta wasa. Motar da ke cikin giya ta riga ta ɗaure farfelar, ba za ta motsa ba ko kuros ɗin ya mutu. Daidai shi ne a tsayar da ita a kan rami ko shimfiɗaɗɗen wuri, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya da katako ko dutse mai kyau, a sa giya a firi, sannan a kama sandar da hannu ɗaya, kunnen da ke bayan kuros da ɗaya hannun, a murɗa su gaba da baya, a kuma tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan, duk motsin da hannu ya ji ko ido ya gani a tsakanin ƙoƙo da hannun kuros ya isa hujjar canza shi. A haska tocila a bakin kowane ƙoƙo, idan aka ga jan gari kamar garin bulo yana fitowa, alluran ciki sun bushe suna cin juna. Wata alamar ita ce zafi: bayan tafiyar kilomita goma, inji a kashe, ƙoƙon da ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne mara lafiya. Akwai kuma kuros ɗin da ba ya wasa saboda ya ƙafe, tsatsa ta kama shi, kuma wannan ya fi kawo karkarwa a kan totur fiye da mai wasa. Ba a gane shi sai an kwance farfelar an sauko da ita, an lanƙwasa kowace gaɓa da hannu ta fuska biyu. Mai lafiya yana tafiya sumul, wanda ya lalace kuwa yana cijewa yana saki, kamar ƙofar da hinjinta ya yi shekara bai ga mai ba.

Kafin a kwance farfela, a sa alama da fenti ko a ja layi da ƙusa a kan kowace mahaɗa: inda ta haɗu da giyabos, inda ta haɗu da aksul, da inda rabinta ke zurawa cikin ɗaya rabin ta haƙora. Ina nanata wannan saboda wata mota da aka taɓa kawo mini, wadda mai ita ya canza kuros duka a wani wuri, ya fito da karkarwar da ta fi ta da. Ya koma aka sake canza su, aka canza tayoyi biyu, har an fara yi masa maganar sauke giyabos. Da na kwanta a ƙarƙashinta na ɗora ido a kan kunnen gaba na bi sandar da kallo zuwa kunnen baya, sai na ga ba sa kallon wuri ɗaya. Yaron da ya yi aikin ya zare rabin sandar don ya ji daɗin buga kuros a kan bais, da zai mayar sai ya zura ta da tazarar haƙori biyu. Da muka goge laka da tsumma sai ga alamun jerin da ke jikin ƙarfen, ɗaya nan ɗaya can. Muka zare, muka daidaita, muka ɗaure, karkarwar ta tafi ba a sayi komai ba. Idan an taɓa taɓa farfelar motarka a lokacin da aka yi aikin sifirin, ka fara duba wannan.

Ƙarin sifirin ɗin nan kuwa shi ne abin da na fi zargi, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma kai da kanka ka ce matsalar ta biyo bayansa. Idan aka ƙara falle, bayan mota yakan ɗaga, tazara tsakanin giyabos da aksul ta ƙaru, karkatar kowane kuros ta canza, kuma ba lallai su canza daidai da juna ba. Ƙa'idar da masu ƙera farfela suke bayarwa ita ce karkatar kowane kuros kada ta wuce kimanin digiri 3 a motar da ke gudu a kan titi, bambancin da ke tsakanin biyun kada ya wuce digiri 1, kuma kada ta zama babu karkata sam, a bar ko da rabin digiri domin alluran su riƙa juyawa suna shan giris. Digiri ɗaya ko biyu ido ba ya ganinsu, amma yanzu kusan kowace wayar hannu tana iya ɗaukar manhajar auna karkata. Motar tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai daidaito, da irin kayan da ta saba ɗauka, sai a ɗora gefen wayar a kan fuskar mahaɗar giyabos, a kan jikin kowane gida na farfela (ta motarka gida biyu ce), da kan fuskar mahaɗar aksul, a rubuta lambobin. Bambancin kowane biyu da ke maƙwabtaka shi ne karkatar kuros ɗin da ke tsakaninsu. Idan na baya ya fita daga ƙa'ida, ana gyara shi da wani siririn ƙarfe mai kama da weji da ake sawa tsakanin sifirin da mazauninsa a kan aksul, wanda ke juya hancin aksul sama ko ƙasa da digiri ɗaya ko biyu.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana sai mota tana tafiya. Duk lokacin da tayoyi suka tura mota gaba, gidan aksul yana ƙoƙarin juyawa ta kishiyar fuska, hancinsa ya ɗaga sama, kuma a mota mai sifirin falle-falle ba abin da ke hana shi sai sifirin ɗin kansa. Idan manyan kusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure aksul da sifirin sun yi sako-sako, ko bushin ɗin idon sifirin sun cinye, ko kusar tsakiyar sifirin ta karye, hancin yakan ɗaga da digiri da yawa a kan totur, ya koma mazauninsa idan an sake, wanda ya yi daidai da abin da ka kwatanta. Masu aikin sifirin sukan mayar da tsofaffin kusoshin da suka riga suka miƙe, kuma da an ƙara falle tsawonsu ba ya isa noti ya kama sosai. Sabon sifirin ma yakan zauna bayan 'yan kwanaki ɗaurin ya saki. Ka duba ko akwai wurin da ƙarfe ya goge yana ƙyalli a gefen kusoshin ko a kan mazaunin sifirin, domin ƙyallin shaida ce cewa abin yana motsi. Ka kuma auna tazarar tayar baya da ta gaba a hagu da dama, idan ba su zo ɗaya ba aksul ya goce.

Hilux mai ƙofa huɗu farfelarta ta baya gida biyu ce, da boris a tsakiya wanda ke zaune cikin roba a maƙale da shasi. Robar nan idan ta tsage ko ta saki, tsakiyar farfelar takan yi lilo idan an ɗora mata ƙarfi, abin ya fi fitowa wajen tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 30 ko a kan hawa da kaya. A tura sandar sama da hannu kusa da boris ɗin, idan ta tafi da sauƙi har ta bugi gidanta, ko aka ga robar ta rabu, a canza shi. Idan boris ɗin kansa ne ya bushe, kuka yake yi mai ƙaruwa da gudu. A motar da aka ɗaga bayanta, sau da yawa sai an sauko da wannan boris kaɗan da wasu 'yan ƙarafa da ake sawa tsakaninsa da shasi kafin karkatar gida biyun ta daidaita, kuma ana yin haka ne kaɗan-kaɗan ana gwadawa a hanya.

Lanƙwasar sandar da faɗuwar ɗan ƙarfen balansin da aka like mata a kamfani su ma suna kawo ɓari, kuma motar gona tana haɗuwa da kututture da dutse da busasshiyar laka da igiyar buhu da ke naɗewa a jiki. Sai dai irin wannan ɓarin yana ƙaruwa ne da gudu, kuma ba ya ɗaukewa gaba ɗaya idan an saki totur, shi ya sa na bar shi a baya. A goge sandar a duba ko akwai lotsawa ko tabon inda walda ta ɓalle. Idan za a auna lanƙwasa, littattafan gyara na Toyota da yawa sun sa iyakar a milimita 0.8, abin da ba a iya ganinsa sai da agogon awo. Ba na goyon bayan a miƙar da farfela da wuta da guduma, domin wadda aka yi wa haka da wuya ta sake zama daidai a gudun titi.

Idan duk an duba ba a kama mai laifi ba, akwai gwajin da mota mai ogzilari kaɗai ke ba da damarsa. A sa alamomi, a kwance farfelar baya gaba ɗaya, a sa H4, a tuƙa motar a hankali da tayoyin gaba kawai a wannan hanyar da aka yi gwajin farko. Tunda ba abin da ke haɗa gaba da baya, ba za ta ɗaure a kan kwalta ba. Idan karkarwar ta tafi, matsalar tana farfelar baya ko aksul na baya, idan kuma tana nan, a koma kan inji da robobinsa da giyabos. A kula da abu biyu. Motar da aka cire wa farfela giya ba ta riƙe ta a H2, don haka waigi ya zauna a tayoyi har sai mutum ya fito daga ƙarƙashi. Sannan a wasu motocin ƙarshen farfelar yana zurawa ne cikin giyabos ɗin ogzilari, idan aka zare shi mai zai zube, to irin waɗannan ba a yi musu wannan gwaji sai an toshe bakin. Masu Prado da Land Cruiser kuwa sai sun kulle difarenshal na tsakiya, in ba haka ba motar ba za ta motsa ba, kuma su suna iya yin gwajin ta fuska biyu, su cire ta gaba yau, ta baya gobe.

Yayin da farfelar take ƙasa, a kama mahaɗar da ke hancin aksul a tura ta sama da ƙasa, ciki da waje. Ɗan wasa wajen murɗawa na haƙoran ciki ne kuma dole ne, amma motsi sama da ƙasa yana nufin boris ɗin hancin ya saki, galibi tare da yoyon mai a sil ɗin wurin. Kada a bar kowa ya ɗaure babban notin nan da ƙarfin tsiya don ya kashe wasan, saboda a bayansa akwai wani zobe da ke lotsewa gwargwadon awo, idan aka wuce da shi boris ɗin zai ƙone cikin ɗan lokaci. Haka za a gwada mahaɗar bayan giyabos. Idan kuwa wata rana ka lura karkarwar tana zuwa ne a H4 kaɗai, sai a koma gaba: gaɓar ciki ta sandar tayar gaba idan ta ci takan kaɗa mota gefe da gefe a kan totur, ta waje kuma ƙas-ƙas take yi a kwana, kuma dukansu suna farawa ne daga yagewar robar da ke rufe su, giris ya fita yashi ya shiga. A nan ne kuma bambancin girman taya ke shigowa, domin tayoyin gwanjo masu lamba ɗaya daga kamfani daban-daban ba lallai kewayensu ya zo ɗaya ba, kuma a ogzilari bambancin gaba da baya yana sa ƙarafa su yi ta ja-in-ja.

Idan ta tabbata kuros ne, ka sayi mai kyau ko da ya fi tsada, ka kai tsohon kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, a gwada faɗinsa da girman ƙoƙonsa da sabon, domin bambancin da bai kai milimita ba yana barin sandar ta zauna ba a tsakiya ba. Wajen sawa a matsa ƙoƙon da bais maimakon duka da guduma, a tabbatar ko allura ɗaya ba ta kwanta a gindinsa ba, zobunan kullewa su zauna cikin tsaginsu, sannan gaɓar ta lanƙwasu da hannu ba cijewa. A ɗura giris ta kan ɗan nonon giris da ke jikin kuros har sai sabo ya fito ta ƙoƙo huɗun duka, idan ɗaya ya ƙi fitarwa ba a gama ba. Wurin da sandar ke zurawa kuwa bugu kaɗan ya isa, don idan aka cika shi maƙil ba zai iya shiga ciki ba idan sifirin ya lotsa, sai ya riƙa tura giyabos. Motar da ke ratsa ruwa da caɓi da damina tana buƙatar giris bayan kowace irin wannan tafiya, ba sai lokacin juyen baƙin mai ba.

Kafin a yi wannan bincike, ka rage gudu kuma ka rage kaya. Kuros ɗin gaba idan ya tsinke mota tana gudu, kan farfelar yakan faɗo ya caki ƙasa ko ya yi ta dukan ƙarƙashin mota, ya fasa tankin mai ko ya tsinke bututun birki, kuma idan ka fara jin ƙara kamar an buga ƙarfe a duk lokacin da ka sa giya ko ka saki kuloci, ko wani tsiwa-tsiwa mai bin juyin taya a ƙaramin gudu, ka ajiye motar har sai an duba ta. Idan ka yi gwajin hanya ka kuma auna karkatar, ka aiko mini da lambobin huɗu tare da tsayin da bayan motar ya ƙaru bayan aikin sifirin, in lissafa maka ko weji za a sa a aksul, ko boris ɗin tsakiya za a sauko da shi, da kuma gwargwadon kaurin da ya kamata.